Gonar da Ta Ƙi Barin Layi

Ranar Litinin ce, mako ɗaya bayan ƙaramar sallah ta shekarar 1989. Rana ta yi ƙasa, kaji sun fara neman akurki, ni kuma ina bakin murhu ina tuƙa tuwon dawa da mayafin takaba a kaina. Gogo, ƙanwar mahaifin maigidana da ta zo daga Kuki don ta taya ni zama, tana kan tabarma tana jan carbi tana gyangyaɗi. Ɗiyata Hawwa'u, mai shekara goma sha huɗu, tana tsugune bakin randa tana wanke kwanuka. Babu abin da ya raba yammacin nan da sauran da muka yi tun ranar da aka yi mana rasuwa, sai abin da ya faɗo kan kwanon rufin ɗakina.

Ƙarar tana da nauyi, amma ba irin ta dutse ba ce. Abin ya mirgino a hankali ya faɗo tsakar gida ya tarwatse. Gogo ta farka ta fara zagin 'ya'yan maƙwabta. Kafin ta rufe baki na biyu ya faɗo, sannan na uku. Na ajiye muciya na je na duba. Dunƙulen jar ƙasa ce mai damshi, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba a Dutsin-Ma a shekarar. Da na murje ta sai na ga gara suna motsi a ciki, kuma tana warin man gas irin na tarakta. Na san warin nan, shekara da shekaru ina wanke shi daga rigunan maigidana.

Aka kira sallar magariba, jifan ya tsaya. Na juya in ce wa yarinyar ta kawo buta, sai na gan ta a tsaye, kwano a hannu, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunta, tana kallon ƙofar ɗakina kamar wadda aka hana shiga.

Sunana Tani. Karatuna bai wuce aji bakwai na firamare ba, don haka abin da na sani na aikin maigidana shi ne abin da yakan faɗa mini muna cin abinci. Sunansa Mahmuda. Shekara goma sha shida ban faɗi sunan nan da bakina ba, yanzun ma rubutawa nake yi. Akawu ne a wani ofishin aikin gona da ke ba manoma hayar tarakta. Shekara guda kafin rasuwarsa aka kawo musu kwamfuta uku, aka huda bango aka haɗa su da waya: ɗaya a ɗakin rubuta sunayen manoma, ɗaya a ofishin manaja, ɗaya a sashen direbobi. Wani Julius, mutumin kudancin Kaduna, shi ne mai kula da wayoyi da ƙarafunan. Abin da ke ciki kuwa a hannun maigidana yake.

Yakan ce mini in ɗauka gida ne mai ɗaki uku da rumbu ɗaya. A cikin wadda ta fi girma a na'urorin ya keɓe wuri guda, shi yake kira rumbu, inda ake zuba sunan kowane manomi da ƙauyensa da yawan gonarsa. Sauran biyun sai an nuna wa kowace hanyar rumbun, hanya ɗaya tak, an kuma ba ta izinin sakawa da ɗauka. Idan an yi haka daidai, duk Litinin da safe na'urar direbobi takan leƙa rumbun ta jera ayyuka bi da bi, ta buga a doguwar takarda: tarakta kaza za ta gonar wane ranar kaza. Gonar da aka gama a cire ta, na baya ya matso. Hanyar rumbun da kalmar da ke buɗe shi duk ya rubuta su a wani ƙaramin littafi mai baƙin bango da ba ya rabuwa da aljihunsa.

Cikin watan Fabrairu suka aike shi Kurfi a kan babur ya karɓo sunayen manoman can a faifan na'ura, saboda wayar ba ta kai can ba. Bai dawo da ƙafarsa ba. Da aka kawo mini kayan jikinsa, littafin yana cikin aljihu, gefensa ɗaya ya lanƙwashe. Na sa shi a ƙasan akwatina, na tura akwatin ƙarƙashin gado.

Ranar sadakar uku, mutane ba su ma watse ba, Julius ya aiko Gogo daga zaure cewa manaja yana gaisuwa, kuma ko an ga wani littafi. Su suka ɗora maigidana kan hanyar nan, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, littafi suke nema. Na ce a gaya masa ban gani ba. Ya dawo cikin azumi, ya sake dawowa ana jibi sallah, yana bayanin wai janareta ya yi wa na'urar direbobi illa, an gyara ta amma ta manta hanyar rumbu. Gogo takan shigo ta ce, "Malam Waya ne ya kuma zuwa da zancen rumbunsa da ba ya cin hatsi." Ni kuma amsata ɗaya ce. Rubutun hannunsa kaɗai ya rage mini, ban ma iya buɗe shi ba, balle in miƙa wa ofis.

Bayan jifan farko muka yi kwana shida lafiya, sai dai yarinyar ta rage cin abinci. Litinin ta zagayo, rana ta yi ƙasa, ƙasa ta sake zubowa, wannan karon har cikin tukunyar miya. Hawwa'u ta zauna daɓas a tsakar gida, ta miƙe ƙafafu, ta fara magana da wata murya mai kauri, a hankali, kamar mai karanta abin da ta gaji da karantawa.

"Ɗanmusa, Birchi, eka shida. Audi, Kuki, eka biyu. Ma'u, Kurfi, eka uku."

Haka ta yi ta jero sunaye, sun fi talatin. Da ta kai ƙarshe sai ta ja numfashi ta koma kan Ɗanmusa. Ba ta daina ba sai da aka yi sallar isha'i. Washegari ba ta tuna komai ba, ciwon kai kawai take kuka da shi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi gajiyar da ni. Kowa ya zama mai magani. Gogo ta turnuƙe gidan da hayaƙi har kaji suka ƙaura gidan maƙwabta. Limamin unguwa ya aiko da rubutu, yarinyar ta sha. Gogo ta kai ta asibiti, aka auna ta aka ce babu zazzaɓi, a riƙa ba ta abinci mai kyau, kamar wai hana ta muke yi. Wata ta ce maigidan ne bai kwanta ba, wata ta ce ni ce na taka wani abu, ni da ko zaure ba na leƙawa. Matan da ke shigowa taya ni hira suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ga ni a ɗaure cikin gida, ba dama in fita in nemo wa ɗiyata taimako da kaina, sai dai in aika in zauna jiran abin da aka ga dama aka kawo.

Litinin ta uku Hawwa'u ta faɗi, ba ta tashi ba sai Alhamis. Ta daina zuwa makaranta. Wuyanta ya zama kamar sillen kara, awarwaron da ke matse mata hannu ya koma yana zamewa har gwiwa. Na fara lissafin Litinin nawa jikin nan zai iya ɗauka, na ga ba su da yawa.

Litinin ta huɗu, ƙasa tana zuba, tana cikin jero sunayenta, sai muka ji sallamar Julius a zaure. Gogo ta fita da niyyar korar sa. Ta daɗe. Da ta dawo babu zagi a bakinta, doguwar takarda ce a hannunta mai huda-huda a gefe. Ta ce ɗan nan ya ce in duba, shi yana can zaune a ƙasa a zaure. Na matsa kusa da fitila na sa yatsa a layin farko. Ɗanmusa, Birchi, eka shida. Na bi da yatsa, yarinyar tana faɗa ina gani, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Takardar da ya buga da safiyar ranar ce, a ofishin da ɗiyata ba ta taɓa shiga ba.

Ta bakin Gogo na ji sauran. Da na hana shi littafin, damina kuma ta matso, sai ya ɗauko wani tsohon faifai na watan Janairu ya kwafe sunayen da ke ciki ya yi wa na'urar direbobi ɗan rumbunta ita kaɗai. Tana iya karantawa, amma ba ta da izinin canza komai a ciki. Shi ya sa kowace Litinin jeri ɗaya take bugawa, shi kuma ya bi da biro yana soke waɗanda aka gama. Sauran na'urorin biyu suna can suna kallon rumbun gaskiya, kowa da abin da yake gani. An aika tarakta biyu gona ɗaya, an manta da wasu ƙauyuka ɗungurungum, manoma sun cika ofis da hayaniya. Gonar Alhaji Ɗanmusa, wani mai fataucin hatsi da ya sayi sabon fili a Birchi, ita ce kullum a sama, kuma ta ƙi nomuwa. Sau huɗu ana tura tarakta, sau huɗu tana lalacewa a kusurwar gabas, inda wani tsohon suri yake. Garma ta karye, taya ta fashe, ƙudan zuma sun kori direba, yau kuma injin ne ya mutu bayan ya ɓare rabin surin.

Gogo ta ce wannan ya wuce hayaƙi, sai Malam Tukur na Kurfi. Julius ya ce shi zai ɗauko shi. Ban ce a gode masa ba, amma na kwana da sanin cewa hanyar da ta ci abokin aikinsa zai bi.

Talata bayan la'asar suka iso. Malam Tukur ɗan ƙaramin tsoho ne mai ciwon gwiwa. Tun daga zaure yake mita wai yaron nan ya mayar da shi buhun gero, duk ramin da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma sai da ya gaisa da shi. Ya bar Julius a zaure, ya shigo ya yi mini ta'aziyya idonsa a ƙasa, ya nemi ruwa ya yi alwala. Muka fito da Hawwa'u muka kwantar da ita kan tabarma a inuwar katanga. Tun daren jiya ba ta buɗe ido ba.

Ya zauna daga wajen kanta ya fara karatu, ba da ƙarfi ba. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta tsawaita ta rufe randa, ta rufe turmi, ta kai bakin murhu. Tsuntsayen da ke kan dalbejiyar ƙofar gida suka yi tsit. Ban ji ko kukan akuya ba a unguwar.

Can sai yarinyar ta tashi zaune. Ba tashin yarinya ba ne. Hannu ta dafa a ƙasa, ta yi nishi, ta gyara zama irin na tsohuwar da ƙugunta ke ciwo. Sannan ta ja zanen da muka lulluɓe ta da shi ta rufe kanta har goshi, ta juya wa Malam baya.

Malam ya yi mata sallama, ta amsa cikakkiya. Ya tambayi sunanta, ta ce sunanta ba ya cikin abin da ya kawo ta. Ya tambaya ko Musulma ce, ta ce tun kafin a haifi kakansa. Ya ce to ta juyo su yi magana.

"Ba na fuskantar maza, Malam. Takaba nake yi."

Gogo ta saki carbinta. Ni kuwa sai na ji hannuna ya kai kan mayafina.

Ta ba da labarinta a gajiye, kamar wadda ta sha maimaita shi ba a saurara ba. A cikin surin nan take zaune, can aka kai ta amarya. Mijinta ya rasu cikin sanyin bana. Ana kwana biyu da rasuwar sai ga wani mutum ya zo awon gona da igiyar awo da baƙin littafi. Da ya iso bakin surin sai ya tsaya ya yi sallama kafin ya ja igiyarsa ta kansa. Ta ce a duk mutanen da suka taɓa ratsa wurin, shi kaɗai ya taɓa yin haka. Shi ya sa ta fito masa a siffar tsohuwa ta roƙe shi kada a kawo ƙarfe sai ta cika wata huɗu da kwana goma, daga nan za ta tattara ta koma wajen danginta. Ya ƙirga kwanakin da yatsunsa, ya rubuta, ya ce ta kwantar da hankalinta. Sai ga ƙarfe ya zo. Ta karya shi, ya dawo. Ta kore shi, ya dawo. Ta biyo sawun mutumin har gidansa ta tuna masa, ta tarar ya riga ta tafiya.

Malam ya ce duk ya ji, amma zalunci ne ta kama yarinyar da ba ta san komai ba, kuma ita da ke takaba mi ya fito da ita daga ɗakinta.

"An yaye rufin ɗakin. A ina zan zauna? Na yi jifa da ƙasar ɗakina don a gane. Ba wanda ya ce, baiwar Allah mi kike so. Hayaƙi kawai aka yi ta yi mini. Na karanto musu takardar da ke aiko ƙarfen, mako uku ina karantawa, aka ce a kai ni asibiti."

Sannan ta juyo gare ni. Idon ɗiyata ne, amma kallon ba nata ba ne.

"Alkawarin yana ƙarƙashin gadonki, kin zauna a kansa. Na ɗauka ko kowa bai gane ba, ke za ki gane."

Raina ya ɓaci, har na manta tsoro. Na ce ni ina na san da wani alkawari, mutumin da ke gaya mini har abin da manaja ya ci da rana bai taɓa faɗa mini wannan ba. Na ce ɗiyata ta ƙare a tsaye saboda rigimar da ba tamu ba. Sai kuma tambayar da ke cina ta fito da kanta, na ce ko su ne suka tare shi a hanya.

"A'a," ta ce. "Kwanansa ne ya ƙare, kamar na nawa."

Malam ya koma kan ciniki. Ya tambayi kwana nawa ya rage mata, ta ce tara. Ya ce ta fita yanzu, shi ya ɗauki nauyin ba za a sake kai tarakta ba sai ta gama. Ta ce maganar namiji mai gaskiya ta riga ta karɓa sau ɗaya, ga inda ta kai ta. Ta lura ƙarfen nan ba ya jin maganar mutum, takarda yake bi. A nuna mata takardar da babu gonar a kanta, ta tafi. Malam ya yi mata barazana da ayoyin da za su ƙona ta. Ta ce ya karanta, ita ma ta haddace su, kuma wanda aka rushe wa ɗaki ba shi ne azzalumi ba. Malam ya shafa gemu, sannan ya ɗaga murya ya ce a ce wa mai babur ya matso bakin ƙofa.

Julius ya tsaya daga bayan zana. Malam ya ce ba sai ya soke sunan da biro ba? Julius ya ce ko ya soke, manaja zai mayar, domin gonar ba a nome ta ba kuma Alhaji yana zaune a ofishinsa duk Litinin. Dokar ofis ita ce abin da na'ura ta buga shi ne magana. Idan marigayi ya sa alamar dakatarwa, tana can cikin rumbun gaskiya, wanda na'urar direbobi ba ta gani. Sai an mayar da ita kan hanyar rumbun, kuma hanyar da kalmar buɗewa suna cikin littafi.

"Maman Hawwa'u," ya ce, "ba don ofis ba. Ni ne na yi rumbu na biyu, laifin nawa ne. Ki ara mini shi na awa biyu."

Ba wanda ya kalle ni, kuma hakan ya fi kallon nauyi. Na tashi na shiga ɗaki na jawo akwatin. Ina jin haushin ofis, ina jin haushin tsohuwar, ina jin haushin maigidana kansa da ya tafi ya bar ni da abin da bai gaya mini ba. Amma wadda ta ce ba ta ga littafi ba har sau uku, ni ce. Na ciro shi daga ƙarƙashin zannuwa. Har lokacin da ɗan ƙanshin aljihunsa. Na buɗe a karon farko, na yi ta juya shafi har na kai kusa da ƙarshe. Ga shi nan da ɗan siririn rubutunsa mai karkata: Gonar Ɗanmusa, Birchi. A dakata har 15 ga Yuni. Na sa a rumbu. Na yi alkawari.

Na miƙa wa Gogo, ta kai zaure. Muka ji tashin babur.

Aka kira magariba. Malam ya fita masallaci, Gogo ta shiga ɗaki yin salla, aka bar ni da ita a tsakar gida, tabarma ɗaya tsakaninmu. Duhu yana sauka a hankali. Ta dubi tukunyar tuwon da na sauke tun rana ba wanda ya taɓa.

"Har yanzu da rabonsa kike aunawa?"

Na ce hannuna ne ya saba.

"Ni ma haka," ta ce.

Na kunna fitila na ajiye a tsakani. Awa biyun Julius suka wuce, aka yi isha'i, Malam ya dawo ya zauna yana ta duban ƙofa. Numfashin yarinyar ya fara yin sama-sama, jikin ya gaji da ɗaukar mutum biyu. Gogo tana cewa dama ta san Malam Waya ba zai iya ba, wanda ya kasa gane rumbu ɗaya ina zai iya da uku, sai muka ji babur.

Ya miƙo takardar ta saman zana, da littafin a kanta. Yana haki yana bayani wai sai da ya nemo mai gadi ya tayar da janareta, ya share rumbun da ya yi, sannan ya bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya yana tabbatar da cewa duka ukun wuri ɗaya suke kallo. Ba wanda ya saurare shi. Malam ya shimfiɗa takardar gaban yarinyar ya matso da fitila. Tsohuwar ta ce ita ba ta san boko ba, amma idon da ta ara ya sani. Ta sa yatsa ta bi layi-layi tun daga sama. Sunan farko na wani ne daga Kurfi. Ta bi har ƙasa, ta dawo ta sake bi. Can gefe, a ƙarƙashin wani layi da aka ja, ta sami Ɗanmusa, da ranar da aka rubuta a gabansa.

Ta daɗe da yatsa a wurin. Sannan ta ce, "Ashe ya sa."

Malam ya sa ta yi rantsuwa ba za ta dawo gidan nan ba, ba kuma za ta taɓa wani direba ba. Ta yi. Ta ce a yafe mata abin da ta yi wa yarinya, ba ta da wata ƙofar da za ta buga. Ta ce mini Allah ya ba mu haƙuri mu duka, na amsa da amin ban san lokacin da na faɗa ba. Hawwa'u ta yi atishawa sau uku, zanen ya zame daga kanta, ta sulale kan tabarma.

Malam ya tofa addu'a a ruwa ya shafa mata a fuska. Ba ta motsa ba. Gogo ta girgiza ta tana kiran ta da duk sunayen wasan da take mata, shiru. Malam ya dube ni ya ce ta yi nisa, muryar uwa take jira, in kira ta da sunanta na yanka.

Ɗiyar fari ce. Tun ranar da aka raɗa mata suna ban taɓa faɗin sa ba, "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan", kamar yadda uwata ta yi wa yayana. Na durƙusa na ɗora kanta a cinyata. Bakina ya yi nauyi kamar ba nawa ba.

"Hawwa'u."

Ta buɗe ido a hankali ta dube ni, ta dubi Malam, ta sake dubana.

"Inna, ke ce kika kira ni?"

Na ce ni ce, kuma ta tashi ta ci tuwo kada ta sa in sake.

Ta ci tuwon nan mai sanyi har malmala biyu, Gogo tana kuka tana ƙara mata miya tana faɗan wai ta ci a hankali. Da ta ƙoshi sai ta jawo takardar tana dubawa, ba ta san mi ya kawo ta gidan ba. Ta kai layin ƙarshe ta tsaya. Ta ce, Inna ga sunanki. Na karɓa na duba. Tani, Kuki, eka ɗaya. 'Yar gonar da na gada ce, wadda na shekara biyu ina yi wa maigidana mitar ya sa a nome mini yana cewa ma'aikaci ba ya tsallake layi. Julius ya ce daga zaure, ranar shigarwa da ke gaban sunan ita ce ranar da marigayi ya tafi Kurfi. Da safen ya sa ta, a bayan kowa.

Alhaji Ɗanmusa ya yi faɗa ya gaji, ya jira kwana taransa. An ce da tarakta ta koma, surin ya bushe ƙayau, babu ko gara ɗaya a ciki, aka nome gonar kafin azahar. Julius ya kwafe abin da ke cikin littafin ya ba mutum biyu a ofis su ma su ajiye. Littafin yana wurina.

Layi ya iso kaina ranar Litinin, 26 ga Yuni, ranar da na fita takaba. An yi ruwa kwana biyu kafin nan. Na yi wanka na canza zane, muka hau motar kasuwa zuwa Kuki ni da Hawwa'u. Mun tarar direba ya riga mu isa, yana zaune kan tarakta injin yana ruri, yana cewa Hajiya a yi sauri akwai gona uku a gabansa. Na ce ya kashe tukuna. A gefen gonar, kusa da iyaka, akwai wani ɗan suri da ban taɓa kula da shi ba. Na taka har gabansa na yi sallama, na tsaya na saurara. Direba yana ta danna ham, Hawwa'u tana riƙe da gefen mayafina. Sai da na ba mazauna cikinsa lokacin da mutum zai iya amsawa, sannan na ɗaga masa hannu.